Yadda Ake Gane Tsofaffin Tuddan Kaburbura da Ganuwoyi a Ƙasar Alli ta Kudancin Ingila, a Auna Su Ba Tare da an Tona Ba

A kudancin Ingila akwai jerin tuddai marasa tsini da suka taso daga Dorset, suka ratsa Wiltshire da Hampshire, suka dangana da bakin teku a Sussex. Ƙarƙashinsu farin dutsen alli ne, ƙasar da ta rufe shi kuwa sau da yawa ba ta wuce kaurin santimita 20 zuwa 30 ba. Duk wanda ya haƙa rami a nan shekara 5,000 da suka wuce ya sari dutsen ne kansa, kuma saran da aka yi wa alli ba ya warkewa. Ramin zai cika da ƙasa, ciyawa ta rufe shi, amma bakinsa na nan yadda aka yanke shi. Ga shi kuma an daɗe ana kiwon tumaki a yawancin tuddan nan maimakon noma, shi ya sa abubuwa da dama suka tsira daga garma.

Ka'idar da za ka riƙe tun daga farko ita ce: tudu shi kaɗai ba ya faɗa maka ko shi mene ne. Gwalalon da aka haƙo allin daga cikinsa shi ke faɗa. Ina yake, ciki ko wajen ganuwa? Ya zagaye tudun ko gefe biyu kawai ya bi? A haɗe yake ko a yanke-yanke? Mafi yawan kurakuran sababbin masu aikin nan daga zura wa tudu ido ne su manta da ramin.

Aikin da ake gamawa a gida

Ka fara da taswirar Ordnance Survey, hukumar taswira ta Biritaniya, mai ma'aunin 1:25,000. A kanta ana rubuta kalmar "Tumulus" da tsofaffin haruffa masu ado a inda aka san akwai tudun kabari. Daga nan ka duba jerin wuraren tarihi na ƙasa da hukumar Historic England ke riƙe da shi a intanet, don ka san ko wurin yana ƙarƙashin kariyar doka. Kowace gunduma kuma tana da nata kundin wuraren tarihi, wanda ya fi na ƙasa yawa nesa ba kusa ba, domin ya haɗa har da waɗanda noma ya shafe. Tsofaffin taswirori na ƙarni na 19 suna nan kyauta a shafin ɗakin karatun ƙasa na Sikotilan. Ka gwada su da na yau. Idan tudun da kake zato babu shi a tsohuwar taswira alhali ta nuna maƙwabtansa, ko kuma ta nuna ramin haƙar alli daidai wurin, to ka rage ɗoki.

Sai hoton laida, wato awon tsayin ƙasa da ake yi daga jirgin sama da hasken leza. Hukumar kula da muhalli ta Ingila tana bayar da shi kyauta, da awo ɗaya a kowace mita. Ka sauke nau'in da aka cire bishiyoyi da gine-gine, ka buɗe shi a manhajar QGIS, ka sa masa inuwa. Manhajar takan ɗora hasken daga arewa maso yamma a tsayin digiri 45, wanda ya yi sama da yawa ga tudun da bai kai rabin mita ba. Ka sauko da shi zuwa digiri 15 ko 20. Kada ka tsaya a kusurwa ɗaya: duk ganuwar da ta miƙe daidai da inda hasken ya fito ba ta yin inuwa, sai ta ɓace daga hoton kamar ba ta nan. Ka juya hasken aƙalla sau huɗu. Idan ka haska daga kudu, ido yakan yi wa mutum wayo, rami ya zama tudu, tudu ya zama rami.

Izini

Hanyoyin ƙafa na jama'a da filayen da wata doka ta shekarar 2000 ta buɗe wa kowa suna ba ka damar tafiya da kallo, ba damar kafa fegi da shimfiɗa tef ba. Wannan sai da yardar mai gona. Wurin da ke cikin jerin kariya yana ƙarƙashin dokar wuraren tarihi ta shekarar 1979: tona shi, ko yi masa kowace irin ɓarna, ba tare da rubutaccen izini ba laifi ne. Sashe na 42 na wannan doka ya hana amfani da na'urar neman ƙarfe a wurin sai da lasisi, kuma irin wannan lasisin ake nema kafin a bi wurin da na'urorin leƙen ƙarƙashin ƙasa, ko da ba sa taɓa komai. A irin wannan wuri ka tambayi Historic England kafin ka soka ko da siririn fegi, ko kuwa ka danne tef ɗinka da 'yan buhunan yashi ka huta. Babban ɓangare na filin Salisbury wurin atisayen sojoji ne. Idan ka ga jan tuta, ka koma, kuma kada ka taɓa wani ƙarfe da ka gani a ƙasa.

Yaushe za a fita

Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma rana ba ta hawa sama sosai. Sa'a biyu bayan fitowar rana ko biyu kafin faɗuwarta sun fi duk sauran yinin amfani. Raɓar da ta daskare ko 'yar ƙanƙara mai laushi da iska ta share takan maƙale a cikin gwalalo ta zana maka shi fes. Tsakar rana a watan Yuni kuwa, sai ka tsaya a kan ganuwa ba ka sani ba. Ka zagaya wurin sau biyu kafin ka fito da kayan awo, sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya kana tsugunawa kana kallon ƙasa rana na gabanka. Ka sa takalmi mai haƙora, domin jiƙaƙƙen alli ya fi sabulu santsi, ka kuma duba jikinka da yamma saboda kaska.

Karanta siffar tudu

Doguwar kushewa ita ce mafi tsufa, ta sabon zamanin dutse, mafi yawa tsakanin 3800 da 3500 kafin Miladiyya. Tsawonta yakan kama daga mita 20 zuwa sama da 100. Kai ɗaya ya fi faɗi da tsayi, galibi wanda ke kallon gabas ko kusa da gabas, kuma a nan ne ake samun ƙasusuwan. Alamarta ita ce ramuka biyu dogaye, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ba sa haɗuwa a gaba. A yankin Cranborne Chase akwai waɗanda ramin ke lanƙwasowa ya zagaye kai ɗaya. Wasu suna da ɗakunan dutse a ciki, irin West Kennet kusa da Avebury mai tsawon kimanin mita 100 da ɗakuna 5, wadda Stuart Piggott da Richard Atkinson suka tona a 1955 da 1956. Wasu kuwa ɗakin katako ne aka yi musu, ya ruɓe tuntuni. Idan ka ga dogon tudu da gwalalo ya kewaye shi kaf, ka ajiye shakka a zuciya, za mu zo kansa.

Tuddai masu zagaye su ne suka fi yawa, mafi yawansu na farkon zamanin tagulla, tsakanin 2400 da 1500 kafin Miladiyya. Ana raba su gida biyar, kuma abin da ke raba su shi ne yadda tudu da gwalalo da ganuwa suka zauna da juna.

Mai kama da ƙwarya a kife shi ne gama-gari: faɗi daga mita 5 zuwa 40, gwalalo, in akwai shi, manne da gindin tudun. Mai kama da ƙararrawa yana da shimfiɗaɗɗen fili tsakanin gindin tudu da bakin gwalalo. A nan ake yawan tafka kuskure, domin tudu yana zubewa a hankali ya rufe filin, sai ƙararrawa ta koma kamar ƙwarya. Ka duba gangaren daga gefe: idan ya sauko da ƙarfi sannan ya karye ya kwanta kafin ya kai rami, wannan kwanciyar ita ce ragowar filin. Mai kama da faifai fili ne mai faɗi, da ɗan ƙaramin tudu ɗaya ko biyu a ciki, gwalalo ya zagaye, ganuwa kuma a wajen gwalalon. Mai kama da faranti tudu ne gajere ƙwarai da ya cika filin har bakin rami, shi ma da ganuwa a waje. Na biyar ba tudu ba ne ma, kwarmi ne mai kama da busasshen kududdufi da ganuwa a bakinsa. Wanda yake son ya koyi bambancin da idonsa ya je rukunin Winterbourne Stoke, yamma da Stonehenge, inda kusan duk nau'o'in suka jeru a bayan wata doguwar kushewa da ta girme su da shekara fiye da 1,000.

Ka lura da mazauni. Sau da yawa ba a kan ƙololuwar tudu ake gina su ba, sai a ɗan ƙasa da ita, a inda mai tsaye cikin kwari zai gan su sun fito a sararin sama. Ka sauka kwarin ka waiwayo. Ka tuna kuma cewa sabon tudu fari ne tas, domin ana tara yankakkiyar ƙasa mai ciyawa a tsakiya sannan a lulluɓe ta da allin da aka haƙo daga gwalalo.

Kwarmin da za ka gani a tsakiyar saman tudu kusan koyaushe aikin masu tonon ƙarni na 18 da 19 ne, waɗanda ke haƙa rijiya daga sama kai tsaye zuwa kabarin. William Cunnington, wanda ya yi wa Richard Colt Hoare aiki, ya buɗe ɗaruruwa a Wiltshire. A 1808 ne ya tono kayan zinariyar tudun Bush Barrow da ke gidan tarihi na garin Devizes a yau. Kwarmin ba ya nufin tudun ya tashi daga aiki: tsohuwar fuskar ƙasa da ke ƙarƙashinsa, da cikon gwalalo, da kaburburan da aka ƙara daga baya a gefe, galibi suna nan ba a taɓa ba.

Ganuwoyi

Tambaya ɗaya ce ke raba su: ina gwalalo yake?

Idan a yanke-yanke yake, guntu-guntu da gadojin alli da ba a haƙa ba a tsakani, kuma da'ira ɗaya ce zuwa uku ko fiye a cikin juna, to wurin taro ne na farkon sabon zamanin dutse, wajen 3700 kafin Miladiyya. Windmill Hill kusa da Avebury, wanda Alexander Keiller ya tona daga 1925 zuwa 1929, yana da da'ira 3, ta wajen ta kewaye kusan hekta 8 da rabi. Knap Hill ya fi shi sauƙin karantawa a ƙasa. Waɗannan ganuwoyi sun yi laushi ƙwarai, kuma sau da yawa ba sa bin siffar tudun, sukan karkace su gangara gefe ɗaya.

Idan gwalalo na ciki, ganuwa na waje, to henj ne, na ƙarshen sabon zamanin dutse. Ba a gina shi don kāre kai ba, domin wanda ke waje shi ke sama da wanda ke ciki. A Avebury, tonon Harold St George Gray ya nuna zurfin ramin ya kai kusan mita 9 cikin alli, da ƙahon barewa aka haƙa shi. A Knowlton na Dorset akwai kangon coci a tsakiyar henj. Abin dariya, Stonehenge da aka samo sunan daga gare shi bai bi ƙa'idar ba, babbar ganuwarsa tana cikin gwalalo.

Idan gwalalo na waje, ganuwa mai tsayi na ciki, tana bin gefen tudu, da ƙofa ɗaya ko biyu masu lanƙwasa, to sansanin zamanin ƙarfe ne, daga wajen 600 kafin Miladiyya. Danebury, da Barry Cunliffe ya tona daga 1969 zuwa 1988, da Maiden Castle mai kusan hekta 19, su ne sanannu. Ganuwa biyu da suka miƙe kafaɗa da kafaɗa zuwa nesa, rufe a ƙarshe, su ake kira kursus. Na Dorset ya kai kusan kilomita 10, yawancinsa garma ta shafe.

Wuri ɗaya yakan ɗauki zamani da yawa, don haka ka nemi inda abu biyu suka haɗu ka ga wanne ya yanki wanne. Wanda ya yanka, ko ya hau, ko ya kauce wa ɗan'uwansa, shi ne ƙarami a shekaru. A Oakley Down hanyar Rumawa ta Ackling Dyke ta yanke gefen tuddai masu kama da faifai, kuma wannan ya isa shaida cewa sun riga Rumawa. A Maiden Castle kuwa wurin taron zamanin dutse na ƙasa, wani dogon tudu mai tsawon fiye da mita 500 ya hau kansa, sansanin ya zo ya lulluɓe su duka.

Kama da wane ba ta wane

Dogon tudu gajere mai shimfiɗaɗɗen sama, kusurwa huɗu, da ɗan rami ya zagaye shi kaf, yawanci gidan kiwon zomaye ne na 'yan ƙarnonin baya. Tudu mai zagaye da kwarmi mai siffar gicciye a samansa mazaunin injin niƙa ne mai aiki da iska, ko da yake wani lokaci tsohon kabari aka samu aka ɗora injin a kai. Tafkin shayar da tumaki yana kama da kabari mai siffar kududdufi, amma ya fi zurfi, an daɓe gindinsa da yumɓu, kuma yakan zauna kusa da shinge ko hanya. Ramin haƙar alli yana da mashiga a gefe ɗaya inda amalanke ke shiga. Da'irar ganuwa mai kaifin baki da manyan bishiyoyi a ciki sau da yawa adon gidajen masu ƙasa ne na ƙarni na 18. Ramukan atisaye da mazaunin bindigogi da fitilun yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun cika tuddan nan. Ma'aunin da ya fi taimako shi ne kaifi: abin da ya shekara 4,000 ya yi laushi, babu kusurwa a jikinsa.

Awo da tef

Kayan aiki: tef biyu na mita 30 ko 50, ƙaramin tef na mita 5, sandunan awo biyu masu ja da fari na mita 2, kamfas, igiya da ƙaramin ma'aunin daidaito irin na magina, allon zane, takardar zane ta roba wadda ruwa ba ya ɓatawa a shimfiɗe kan takarda mai gidaje, da fensir mai tauri 4H ko 6H. Mutum biyu sun isa, uku sun fi.

Zaɓi ma'auni tun farko. Tudu ɗaya, 1:200, wato mita ɗaya a ƙasa milimita 5 ce a takarda. Rukunin tuddai, 1:500. Babbar ganuwa, 1:1,000, kuma a nan gara a nemo na'urar tauraron ɗan'adam ta masu safiyo.

Ka miƙa tef ɗaya ya ratsa wurin, ya wuce bakin gwalalo da aƙalla mita 5 a kowane ɓangare. Wannan shi ne layin tushe. Ka ɗauki kusurwarsa da kamfas daga kai biyun, ka ɗaure kowane kai da awo zuwa abubuwa biyu da ke kan taswira, kamar kusurwar shinge. Wayar hannu takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, ta isa ta ba ka lambar wuri, ba ta isa zane ba. Lambar taswira mai alƙaluma 6 tana nuna murabba'in mita 100 ne, mai 8 mita 10. Ka bayar da mai 8 aƙalla.

Abin da ake aunawa shi ne inda gangare ya karye: saman tudu, gindinsa, bakin gwalalo na ciki, gindinsa, bakinsa na waje. Mutum ɗaya ya tsaya a kan wurin da bakin tef na biyu, ɗayan ya riƙa jujjuya tef ɗin a kan layin tushe har ya sami mafi gajartar tazara, nan ne kusurwar ta miƙe. A rubuta lambobi biyun, a ɗiga a takarda nan take. Kada wannan awon gefe ya wuce mita 15. In wurin ya fi haka faɗi, ka fitar da layi na biyu da awon 3, 4, 5: mita 3 a kan layin tushe, 4 a kan sabon layi, 5 a tsakaninsu. A da'ira, ɗigo ɗaya kowace mita 2 zuwa 3 ya wadatar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin tef ya kwanta a kan gangare. Mita 30 a gangaren digiri 10 mita 29.54 ce a miƙe, ka yi asarar santimita 46, wato fiye da milimita 2 a zanen 1:200, sai da'irarka ta fito kamar ƙwai. Ka riƙe tef a miƙe, ka auna gaɓa-gaɓa, ka sauke ɗigon da igiya mai nauyi a baki. Iska ma takan lanƙwasa tef. Na biyu shi ne tattara lambobi a littafi da niyyar zanawa a gida. Ka zana a wurin, inda za ka ɗaga kai ka ga ko zanen ya yi kama da ƙasar.

Ana nuna gangare da 'yan layuka masu kamar talibambam: kan mai kauri a saman gangare, wutsiya a gindinsa. Masu kauri a matse suna nufin gangare mai tsanani, sirara a warwatse mai laushi. In ka juya su, tudunka ya zama rami ga duk mai karantawa. Ka sa kibiyar arewa, da sandar ma'auni, da kwanan wata.

Don siffar gefe, ka ɗaure igiya a miƙe tsakanin sanduna biyu, ka auna daga igiya zuwa ƙasa kowace rabin mita. Kada tazarar ta wuce mita 10, igiya na saki a tsakiya. In ka ninka ma'aunin tsayi don ɗan tudu ya fito, ka rubuta ninkin a jikin zanen. Tsayin tudu kuma a auna shi daga ɓangare huɗu, domin a kan gangare na ƙasa yakan ninka na sama.

Daga nan za ka iya ɗan lissafi mai amfani. Girman tudu mai zagaye kusan rabin murabba'in filin da gindinsa ya rufe ne sau tsayinsa: mai faɗin mita 20 da tsayin 2 yana ɗauke da kimanin kubik mita 315. Ka kwatanta da abin da gwalalon zai iya bayarwa. In tudun ya fi ƙarfin ramin, sauran yankakkiyar ƙasa ce aka ɗebo daga kewaye. Amma kada ka ɗauki faɗin gwalalo na yau a matsayin na asali. Gwajin Overton Down, inda aka gina sabuwar ganuwa da gwalalo a 1960 don a riƙa yankawa ana dubawa bayan shekara 2, 4, 8, 16, 32 da gaba, ya nuna cewa sanyin hunturun farko-farko ne ke farfasa bakin ramin, ɓaraguzai su cika kusurwoyin gindinsa, bakin ya buɗe, sannan ciyawa ta kama komai ya lafa. Shi ya sa ƙahon barewar da aka samu kwance a gindin gwalalo ya fi komai daraja wajen gano shekaru. Alli yana adana ƙashi da ƙaho da bawon katantanwa, kuma daga irin katantanwar ake gane ko wurin kurmi ne ko fili a lokacin ginin.

Inda garma ta riga ka

A gonar da aka nome, ka duba bayan an yi huɗa: farin tabo mai zagaye da baƙin zobe kewaye da shi, tudu ne da gwalalonsa. A watan Yuni da Yuli, alkama ko sha'ir da ke kan cikakken gwalalo sun fi tsayi da kore, sun fi jinkirin nuna, saboda saiwarsu ta sami zurfi da laima. Shekarun fari irin 1976 da 2018 sun fito da wurare masu yawa ta haka. Jirgi marar matuƙi yana taimakawa, amma ba a wuce tsayin mita 120, kuma sai da rajista da yardar mai wurin. Naman gwari ma yana zana zobe a ciyawa, sai dai nasa ba ya daidaita kuma yana faɗaɗa kowace shekara.

Maganetomita, na'urar auna maganaɗisun ƙasa, tana aiki da kyau a kan alli, domin ƙasar da ta cika gwalalo ta fi allin maganaɗisu. Ana raba fili gida-gida na mita 20 ko 30, layuka a tazarar mita ɗaya ko rabi, awo kowace santimita 25. Wayar shinge, da ƙarfen takalmi, da zik ɗin riga, duk suna ɓata sakamako. Na'urar auna tirjiyar lantarki tana ganin gwalalo saboda laimarsa, don haka bayan dogon ruwa ko dogon fari bambancin yakan dushe. Pitt Rivers, wanda ya zama sufeton wuraren tarihi na farko a 1883, yana da tasa dabarar: a buga ƙasa da abu mai nauyi a saurara, alli ya yi ƙara a tsaye, cikakken rami ya amsa a dushe.

Rubuta halin da wurin ke ciki

Zane ba ya cika sai da bayanin ɓarna. Ka ƙirga ramukan zomaye, ka nuna su a zanen. Ramin baja, dabbar nan dangin dage, ya fi girma, da tulin farin alli a bakinsa, kuma yana iya rarake tudu gaba ɗaya. Dokar 1992 ta kāre ta, ba a toshe raminta sai da lasisi. Ka rubuta ƙayar da ta fara cin wurin, da manyan bishiyoyin da in iska ta kayar za su tumɓuke rabin tudu, da sawun tarakta, da inda aka ajiye kwamin shanu suka tattake ƙasa, da kusancin huɗar ƙarshe da bakin gwalalo. Manomi yakan kewaye tudun da yake gani ya nome ramin da ba ya gani. Magani galibi kiwon tumaki ne daidai wa daida, da sare ƙaya daga gindi ba tumɓukewa ba, a wajen lokacin sheƙar tsuntsaye na Maris zuwa Agusta. Tsohon tono ma yana da nasa sharrin: a shekarar 2000 rami ya buɗe a saman Silbury Hill, tudun alli mai tsayin kimanin mita 30, saboda rijiyar da aka haƙa a 1776 ba a cike ta da kyau ba, sai a 2007 da 2008 aka cike ramukan da alli.

Ka duba ƙasar da zomo ko baja suka turo waje. In ka ga gutsuren tukwane ko sassaƙaƙƙiyar ƙanƙarar dutse, ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ka ɗiga wurin a zane, ka bar shi a nan idan wurin na ƙarƙashin kariya. A wani wurin kuwa kayan na mai gona ne, ana kai rahotonsu ga jami'in tsintuwa na gunduma. Zinariya ko azurfa, ko tarin kayan tagulla na zamanin da ya gabaci Rumawa, dokar 1996 ta ce a sanar cikin kwana 14. Ƙashin mutum ba a ɗaga shi: a rufe shi, a kira 'yan sanda, sannan masanin tarihin gunduma, domin kwashe shi sai da lasisin ma'aikatar shari'a. Kwafin zanen, da hotuna huɗu daga kusurwoyi huɗu da sandar awo a ciki, da lambar wuri, da bayanin shafi ɗaya, a aika wa kundin wuraren tarihi na gundumar, a ba mai gona nasa kwafin.